Idan Soro Ya Rufta a Kan Tebur

Duk wanda ya taɓa tsayawa kan 'yan dara a gindin dogonyaro a Sakkwato bayan la'asar ya san cewa gurabu talatin ɗin nan da aka tona a ƙasa daidai suke. Kowane ɗan wasa da 'ya'yansa goma sha biyu, wannan tsinke wancan tsakuwa, kuma babu gurbin da zai ɓoye ɗa idan ci ya zo. Fili ne shimfiɗaɗɗe, ba tudu ba kwari, ba katanga ba ƙofa. Akwai wani wasan dabaru da ya girma a Turai ya bazu duniya, wanda a cikinsa filin kansa shi ne rabin wasan. Ana shimfiɗa tebur, galibi mai tsawon ƙafa 6 da faɗin ƙafa 4, a ɗora masa tuddai da itatuwa da koguna da gidaje na kwali ko katako. Sai a jera 'yan ƙananan sojoji na dalma ko na roba, kowanne tsayinsa kimanin milimita 28, bai kai ɗan yatsa ba. Da tef irin na tela ake auna tafiyarsu da nisan harbinsu, sannan a jefa ƙwayar ludo mai fuska shida don a san ko harbin ya samu. A cikin dukan ƙa'idojin wannan wasa, wadda ta fi wahalar da marubutansa ita ce ta gini: idan aka cusa rukunin sojoji cikin gida, abokin gaba ya buga wa gidan igwa, me ke samun mutanen da ke ciki?

Wasan ba daga yara ya faro ba. A shekarar 1824 wani ƙaramin hafsan sojan Furushiya mai suna Reisswitz ya gyara wasan da mahaifinsa ya ƙirƙira, ya gabatar da shi ga manyan hafsoshi a Balin, kuma aka ɗauke shi a matsayin hanyar horar da soja. Sunansa Kriegsspiel. A kan taswira ake yinsa, da 'yan guntayen ƙarfe ja da shuɗi a madadin rundunoni, da alƙalin wasa da ke yanke hukunci a tsakani. Bayan Furushiya ta ci Faransa a yaƙin 1870 zuwa 1871, rundunonin wasu ƙasashe suka kwaikwaya, har yau kuma soja a ko'ina kan tara yashi ya siffanta filin daga kafin ya fita. Marubucin nan na Ingila, H. G. Wells, shi ya fitar da wasan daga bariki ya kai shi tsakar ɗaki da littafinsa Little Wars a 1913, inda 'yar igwa mai sifirin ke harba ɗan katako ta kayar da sojan dalma a zahiri. A wurin Wells maganar kariya mai sauƙi ce: abin da ya tare harsashi ya tare. Da aka bar igwar sifirin aka koma ga ƙwaya da jadawali, sai ya zama dole wani ya zauna ya rubuta, da lamba, yadda katanga ke karewa da yadda take kashewa. Kamfanin Games Workshop na birnin Nottingham, wanda ya fitar da Warhammer 40,000 a 1987, da Warlord Games mai wasan Bolt Action na 2012, duk sun sha wannan lissafi.

Amsoshinsu sun bambanta ƙwarai. Akwai wasannin da suka ɗauki gini tamkar dutse, ba ya tsagewa ba ya faɗuwa, wanda ya shiga ya samu kariya har a tashi. Bugu na biyu na Bolt Action ya tafi ɗaya ƙarshen. Idan harsashi mai fashewa ya samu gida, ana jefa ƙwaya biyu ko uku gwargwadon girman igwar, in jimillar ta kai 10 gidan ya rufta, kuma duk wanda ke ciki ya halaka nan take. Lissafin ba shi da wuya: ƙwaya biyu na kai 10 sau 6 cikin 36, wato sau ɗaya cikin shida, ƙwaya uku kuwa sau 135 cikin 216, wato fiye da sau shida cikin goma. Ma'ana, shiga gida a gaban babbar igwa kusan shiga kabari ne. Bugu na shida na Warhammer 40,000, na 2012, ya bi tsakiya, ya yi jadawali mai hawa-hawa, daga tsagewar bango zuwa girgiza, zuwa ruftawar wani sashe, har zuwa fashewar ginin gaba ɗaya, kuma a matakan da suka yi tsanani mutanen ciki na samun rauni, a wani matakin a tilasta musu fita.

Ra'ayina shi ne hanya ta uku ta fi kusa da gaskiya, amma ita ma ta tsaya a rabin tafiya. Ƙa'idar gini da ta amsa sunanta ba za ta tsaya ga ƙidaya bugun da bango ya sha ba. Dole ta tambayi da me aka gina shi, me ke bisa kan mutanen, ta ina za su fita, kuma yaushe zuciyarsu za ta karaya. Waɗannan tambayoyi amsarsu na sauyawa daga ƙasa zuwa ƙasa. Kusan dukan littattafan wasan an rubuta su ne da gidajen Nomandi da Rasha a zuciya, gidajen dutse da jan bulo da katako. Wanda ya ɗauko waɗannan ƙa'idoji ya ɗora su a kan Alƙalawa ko Kano ko Sakkwato zai samu sakamakon da tarihi bai san shi ba, domin ginin ƙasa yana da tasa hanyar tsayuwa da tasa hanyar faɗuwa.

Ko a Turai ɗin ma, ɗaukar cewa rushewar gini ita ce ƙarshen masu tsaronsa kuskure ne da aka biya da jini. Ran 15 ga Fabrairun 1944 jiragen yaƙin ƙawance suka ragargaza tsohon gidan ibadar Kirista da ke kan dutsen Monte Kasino a Italiya, bisa zaton Jamusawa na ciki. Da ƙura ta lafa, sojojin laima na Jamus suka shiga ɓaraguzan suka mayar da su sansani, kuma ba a karɓe wurin ba sai 18 ga Mayu, lokacin da sojojin Folan suka hau. Haka aka gani a Sitalingirad a 1942, inda kangayen masana'antu suka hana tankoki motsi suka ba ɗan bindiga maɓoya dubu. Ginin da ke tsaye yana da tagogi ƙidayayyu, maharbi ya san inda zai auna. Kango kuwa ko'ina rami ne, kuma ba shi da sauran rufin da zai faɗo. Wasan da ke ɗauke gidan daga tebur bayan ya rushe, ya bar fili fetal, ya koya wa ɗan wasa abin da ba haka ba. Lokacin faɗuwar ne ke kisa, abin da ya rage bayan nan sau da yawa ya fi na farko amfani ga mai tsaro.

To mu dawo gida, inda hujjar ta fi ƙarfi. Ganuwa da tubali ake ɗora ta, curin ƙasa da aka busar a rana, a jera shi a cike tsakaninsa da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, gindi da kauri sama da siranta. Irin wannan bango ba ya tarwatsewa kamar dutse. Harsashi kan nutse a cikinsa, ya fashe a can ciki, ya tono rami, sauran bangon na nan tsaye. An ga wannan ƙuru-ƙuru ran 3 ga Fabrairun 1903, lokacin da Kanar Morland ya iso Kano da igwoyinsa masu bakin milimita 75. Ganuwar Kano a lokacin ta kai tsayin ƙafa 30 zuwa 50 a wurare, kaurin gindinta kimanin ƙafa 40, ga gwalalo a gabanta. Igwa ta buga ba ta fasa ba. Sai suka bar bangon suka nemi ƙofa, ta Ƙofar Kabuga suka samu shiga. Kwanaki kaɗan kafin nan, a Bebeji, harsashi ya samu ƙofar garin ya fasa ta, ya kashe shugaban masu tsaron da wasu manyan da ke tare da shi, garin ya faɗi. Darasin da mai rubuta ƙa'ida zai ɗauka a nan a fili yake. A ginin ƙasa bango da ƙofa abubuwa biyu ne daban, kuma ba su cancanci lamba ɗaya ba. Ƙyauren katako ne, ko da an yi masa ƙarfe da fata, shi ne wurin rauni, kuma saboda kowa ya san haka, nan ne jarumai da shugabanni ke taruwa. Bugu guda a ƙofa kan ɗauke kan rundunar, abin da bugu ashirin a jikin ganuwa ba zai yi ba.

Rufi kuma wata magana ce, kuma a nan ne ginin namu ke juyawa ya zama haɗari ga mai shi. Soro da azara ake rufe shi, wato tsagin itacen giginya, wanda gara ba ta cika ci ba. Azara ɗaya ba ta ɗaukar nauyi a tazarar da ta wuce kimanin mita biyu, shi ya sa magina ke ɗora ta hawa-hawa daga bango, ko su tayar da bakan gizo su haɗa shi a tsakiya, irin gwanintar da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya nuna a masallacin Juma'a na Zariya. A kan azara sai zana ko kara, a kan wannan sai ƙasa mai kauri, sai a shafe da makuba ko laso saboda ruwa. Wannan ƙasar ta sama ita ke sa soro sanyi a watan Afrilu, kibiya ba ta huda ta, wuta ba ta kama ta da sauƙi. Amma duk nauyin nan a kan 'yan wurare yake zaune. In bakan gizo guda ya karye, ko kusurwar da ke riƙe da azara ta zube, rufin ba ya saukowa kaɗan-kaɗan, gaba ɗaya yake ruftowa. Mutanen Sakkwato ba sa buƙatar littafin yaƙi ya gaya musu wannan, domin kowace damina, idan ruwan Agusta ya jiƙa gindin bango ko indararo ya toshe, ana jin labarin ɗakin da ya danne masu barci. Saboda haka dokar nan ta Bolt Action mai tsanani, wadda ba ta dace da ganuwa ba ko kaɗan, ta yi kusa da gaskiya idan soro ne ko zaure. Bukka da ɗakin ciyawa kuwa ba sa danne kowa, amma kibiyar wuta guda a lokacin hunturu, da iska na kaɗawa, ta isa ta kori unguwa guda zuwa fili, kuma mayaƙan ƙarni na goma sha tara sun san wannan dabara sarai. Iri uku ke nan na gini a gari ɗaya, kowanne da irin mutuwar da yake jawowa.

Akwai abin da ya fi ƙasa da azara nauyi a wannan lissafi, shi ne zuciyar mutanen da ke bayan bangon. A watan Oktoban 1826 matafiyin nan Clapperton, wanda ya rasu a Sakkwato a shekarar da ta biyo baya, ya ga da idonsa yadda rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ta kewaye garin Gobirawa na Konya. Rundunar na da yawa, da barade sanye da lifidi, amma mutanen ciki suka tsaya a bayan ganuwarsu da kibau, aka wuni ba a shiga ba, rundunar ta janye. Alƙalawa ma ba a karo ɗaya ta faɗi ba. Jama'ar Shehu sun sha wuya a kewayenta, ga asarar Tsuntsuwa a ƙarshen 1804, kuma sai a Oktoban 1808 aka ci birnin aka kashe sarkinsa Yunfa. Ganuwar Kano ta fi ta Konya nesa ba kusa ba, amma a yini guda aka shiga, domin Sarki Alu ba ya gari, ya tafi Sakkwato da dawakai masu yawa, kuma da ƙofa ta buɗe sai tsaron ganuwar ya watse, ko da yake Sarkin Shanu da mutanensa sun tsaya a gidan sarki har suka mutu. Bangon bai faɗi ba, abin da ya faɗi shi ne yardar mutane da bangon. Mutum na zaune a ɗaki, ƙura na zubo masa daga rufi, kunnensa ya toshe, bai ga wanda ke harbinsa ba, bai san ko ƙofar baya na nan ba. Wannan hali kan fitar da mayaƙi daga maɓoya tun jini bai zuba ba. Wasan da ya ƙidaya gawa kaɗai, bai ƙidaya karaya ba, ya bar mafi yawan abin da igwa ke yi wa mutanen cikin gini.

Yaƙin Sakkwato kansa ya kawo tambayar ta wata fuska. Birnin na da ganuwa tun zamanin Bello, wanda ya kafa shi a 1809, kuma sunayen ƙofofinta na nan a bakin mutane, su Ƙofar Rini da Ƙofar Marke da Ƙofar Atiku da Ƙofar Kware da Taramniya, ko da bangon ya tafi. Duk da haka, ran 15 ga Maris 1903, Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya jera rundunarsa a fili a wajen gari, a Giginya, tare da Marafa Maiturare da Sarkin Rabah, aka fuskanci igwa da bindiga mai ruwa ba tare da katanga ba. An yi shawara kafin ranar, wasu na ganin hijira wasu na ganin yaƙi. Wanda ya auna matsayin da idon mai wasan tebur zai ga yadda zaɓin ke da ɗaci ta kowane ɓangare: ƙarfin rundunar a kan doki yake, doki kuwa ba ya aiki a kan ganuwa, labarin Kano ya riga ya iso, kuma tsayawa a ciki na nufin harsashi ya sauka a kan gidajen jama'a, kusa da Hubbaren Shehu. Fita fili kuma na nufin tsayawa a gaban makamin da ke kashewa tun mashi bai kai ba. A watannin da suka biyo baya, a Burmi, an ga abin da bango ke iya yi: a watan Mayu mutanen garin suka kori ayarin Turawa na farko, sai da aka dawo da ƙarfi ran 27 ga Yuli aka yi gumurzu mai tsawo, Manjo Marsh ya mutu, Attahiru da ɗaruruwan mutanensa suka yi shahada. A wasan da gini ba ya lalacewa, kowa zai ce da an zauna a ciki. A wasan da gini ke ruftawa da bugu ɗaya, kowa zai ce fita ce kawai mafita. Ƙa'idar kirki ita ce wadda za ta sa ɗalibin da ke riƙe da ɓangaren Sakkwato ya yi jim, ya rasa wanne zai ɗauka, kamar yadda manyan wancan zamani suka yi jim.

Yaya irin wannan ƙa'ida za ta kasance a aikace? Ba sai ta yi tsawo ba. Kafin a fara, a rubuta wa kowane gini jinsinsa a ɗan kati: ganuwa, ƙofa, soro, ko ɗakin ciyawa. Ganuwa ta shanye bugu da yawa, kowane bugu ya taɓa zuciyar masu tsaro kaɗan, jikinsu kuwa da wuya. Ƙofa ta karye da wuri, kuma in ta karye a gwada ko shugaban da ke wurin ya tsira, a gwada kuma ƙarfin zuciyar duk rukunin da ke ganinta. Soro ya bi matakai biyu, tsagewa sannan ruftawa, kuma tsakanin matakan a ba mai shi damar ya fitar da mutanensa ko ya bar su, domin a wannan zaɓin ne daɗin wasan yake. Ƙofar fita ta shiga lissafi: gidan Bahaushe ta zaure ɗaya ake shiga, saboda haka mutum ashirin ba za su fita a zagaye ɗaya ba, sai dai su haura katanga a warwatse. Abin da ya rushe a bar shi a kan tebur a matsayin kango, ya rage saurin doki ya ƙara wa maharbi kariya. Wuta kuma ta bi iska daga ɗaki zuwa ɗaki.

Wanda ya daɗe a wasan zai ce wannan ya yi yawa, kuma ƙorafinsa na da tushe. Kowace ƙa'ida da aka ƙara lokaci take ci, kuma an ga wasannin da suka nutse cikin jadawali har mutane suka guje su, wanda shi ya sa manyan kamfanoni ke ta sauƙaƙa dokokin gini daga bugu zuwa bugu. Amma sauƙi iri biyu ne. Akwai wanda ke zubar da abin da ba ya sauya shawara, kamar ƙidaya tubali nawa suka zube, wannan a zubar da shi ba asara. Akwai kuma wanda ke zubar da shawarar kanta. In dai ɗan wasa ba zai taɓa tambayar kansa ko ya zauna ko ya fita ba, to gidan da ke kan teburin ado ne kawai. Dara ma ai ƙa'idojinta ba su cika tafin hannu ba, zurfinta daga zaɓi yake fitowa. Kati huɗu da matakai biyu ba su fi ƙarfin yaron sakandare ba.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi a gari irin Sakkwato, kuma bai kamata a kewaye shi ba. Wasan na tafe da mutum-mutumi da ƙwayar jifa, malamanmu kuwa sun yi magana mai tsanani a kan sassaƙa surar mai rai da kuma wasan nardu, balle abin da ya kai ga caca. Hukunci na malamai ne, ba na mai rubutu a mujalla ba. Abin da tarihin wasan ke nunawa dai shi ne babu ɗaya daga cikin biyun da ya zama ginshiƙi. Kriegsspiel na 1824 ba shi da mutum-mutumi ko ɗaya, guntaye ne masu kusurwa huɗu. Wasan Wells ba ya dogara da ƙwaya. A 1876 kuma wani hafsan Jamus, Verdy du Vernois, ya fito da salon da ke dogara ga hukuncin gogaggen alƙali a maimakon jadawali da jifa. Ke nan ana iya yin wasan da marafan kwalba da guntun kara, malamin tarihi ya zauna alƙali, ya ce wannan ƙofa ta karye, wancan soro ya tsage, bisa hujjar da zai iya karewa a gaban ɗalibansa. A irin wannan salo ma sanin ginin ƙasa ya fi zama dole, domin alƙalin ba shi da lambar da zai fake da ita.

Na uku shi ne wanda na fi jin nauyinsa: ya dace a mayar da ranar Giginya abin wasa, alhali jikokin waɗanda suka kwanta a filin na nan da rai a unguwannin birni? Kalmar wasa ce ke da laifi a nan, domin a Hausa tana ɗauke da raha. In za a yi abin don ihu da dariya, gara a bar shi. Amma akwai wata rashin girmamawa da ta fi wannan yawa, wadda ake yi kullum ba a lura ba, wato a karanta yaƙin a layi biyu, a haddace kwanan wata, a tafi da zaton cewa mutanen nan ba su san abin da suke yi ba, sun fito fili ne don rashin dabara. Ɗalibin da aka ba ganuwa da dawakai da gari cike da mata da yara, aka ce masa ga igwa nan tafe, ya gwada zama a ciki ya ga ƙofa ta tashi, ya gwada fita ya ga abin da bindiga mai ruwa ke yi, ba zai sake raina shawarar Attahiru ba. Sharaɗin kawai shi ne ƙa'idar ta faɗi gaskiya game da bangon. In ta ƙara masa ƙarfin da ba shi da shi, ta mayar da magabata marasa wayo. In ta rage masa, ta shafe abin da mutanen Konya da Burmi suka yi.

Kayan aikin ba su da nisa. Littafin Joseph Smaldone na 1977 kan yaƙi a Daular Usmaniyya ya yi bayanin ganuwa da kewaye gari da makamai, Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu na ajiye da takardu da kayan yaƙi, kufan Surame da Alƙalawa na nan ga mai son ya ga kaurin bango da idonsa, kuma sashen tarihi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo bai rasa masu iya zama alƙalai ba. Wanda ya fi kowa cancantar a tambaya shi ne tsohon magini, domin shi zai faɗa maka wace azara ce in ta tafi ɗakin ya tafi. Shi ne kuma zai ƙara ƙa'idar da babu ita a littattafan Nottingham, wato ta lokacin shekara. Ganuwar da aka yi wa yaɓe bayan kaka, da aikin gayya na talakawan gari, daban take da wadda damina uku suka wanke ba a taɓa ta ba, kuma sarkin da ya yi sakaci da yaɓe ya riga ya rage wa mayaƙansa kariya tun abokin gaba bai ɗaura sirdi ba. A kan tebur wannan layi ɗaya ne a jikin katin ganuwa: an yaɓe ta bana, ko ba a yaɓe ba.